Jinyar tsohon da gigin tsufa ya kama: jagora ga gidajen karkara

Idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau goma kafin azahar, ko tsohuwa ta zuba gishiri sau uku a miya ta kuma rantse ba ta zuba ba, a ƙauyukan Kano da Jigawa cewa ake yi tsufa ne. In ya fara fita ba ya gane hanyar gida, sai a ce kurciya aka yi masa. In kuwa tsohuwa ce aka tsinta da tsakar dare a bayan gari tana kiran sunayen waɗanda suka daɗe a ƙasa, sai ka ji an fara raɗe-raɗin maita. Biyun farko ɓata lokaci da kuɗi suke jawowa, na ukun kuwa har rai yana iya ci.

Abin da muke kira gigin tsufa ko ciwon mantuwa, likitoci dimenshiya suke ce masa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, suna tafiya da tunani, da magana, da sanin hanya, daga baya har da iya cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 cutar Alzaima ce, wadda ta samo suna daga likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906. Mai bi mata ita ce wadda toshewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke kawowa, ta masu hawan jini da ciwon suga da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki. Ba a warkewa. Amma gidan da ya shirya da wuri, ya raba jinyar tsakanin mutane da yawa, yana iya riƙe tsohonsa shekaru cikin mutunci. Gidan da ya jibga wa mace ɗaya, majinyata biyu zai tashi da su.

Da farko ku tabbatar da abin da kuke gani

Manta inda aka ajiye carbi ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne mutum ya riƙe carbin ya rasa me ake yi da shi, ko manomin da ya shekara 50 yana auna hatsi ya kasa lissafin kwano biyar, ko ya ɓace tsakanin masallaci da zaurensa. Kuma abin yakan ɗauki watanni ko shekaru yana ƙaruwa.

Akwai wata ruɗewar da ke kama da wannan, wadda ita ta gaggawa ce. Tsohon da jiya yake lafiya lau, yau ya tashi yana sambatu, yana ganin abin da babu, ko yana ta barci ba ya gane mutane, ba gigin tsufa ne ya sauko masa dare ɗaya ba. Yawanci maleriya ce, ko sanyin mafitsara, ko limoniya, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko fitsari ya ɗaure, ko suga ya faɗi. A ranar za a kai shi asibiti, domin wannan tana warkewa. Mai shan maganin suga da ya ruɗe yana gumi, in yana iya haɗiya, a dama masa sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a rabin kofin ruwa kafin a kama hanya. In baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki, kada a ba shi komai ta baki, mota kawai za a nema. Ko bayan an tabbatar da gigin tsufa, duk ranar da ya rikice fiye da yadda aka saba, wani ciwon ne ya hau kai, ku neme shi.

Ku sami ƙaramin littafi, boko ko ajami, ku riƙa rubuta abin da ya faru da lokacinsa na mako biyu: ya ƙi abinci, ya fita da asuba, ya yi fitsari a tsaye a ɗaki. Likita zai fi amfana da wannan fiye da "wallahi ya rikice".

Zuwa asibiti

Ku fara da babban asibitin da ya fi kusa, Wudil ne ko Bichi, Gumel ko Haɗeja, ku nemi ganin likita. In ana buƙatar ƙwararru, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin Dawanau, da na Kazaure a Jigawa. Akwai kuma manyan asibitocin Birnin Kudu da Dutse. Mutane na ƙyamar Dawanau da Kazaure saboda kada a ce an kai Baba gidan mahaukata. Ganin likita za ku yi ku dawo gida, ba ajiye shi za ku yi ba.

Wanda zai raka shi ya zama wanda ke kwana yana tashi da shi, ba ɗan da ya zo daga birni jiya ba. Ku tafi da safe, lokacin da kansa ya fi washewa. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Za a auna jini da suga da fitsari, a duba ido da kunne, domin kurumta da yanar ido suna ƙara ruɗewa. Akwai kuma abubuwan da ke kwaikwayon gigin tsufa alhali suna da magani: ƙarancin bitamin B12, raunin tayirod (halittar gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo), ciwon damuwa mai tsanani, da taruwar jini a ka bayan faɗuwa. Ku faɗa wa likita in ya taɓa faɗuwa ko buguwa a ka cikin watannin nan, ko da daga kan babur ne aka ce ba komai.

Maganin da aka fi rubutawa, sunan da ke jikin kwalinsa donepezil. Ana farawa da miligiram 5 sau ɗaya a rana, bayan aƙalla wata guda likita na iya ɗagawa zuwa 10. Yana ɗan riƙe tunanin wasu na wani lokaci, ba ya tsayar da ciwon. Yakan sa tashin zuciya, gudawa, ƙin abinci da raguwar bugun zuciya. In ya suma ko jiri ya yi yawa, a koma wurin likita. Ku lissafa kuɗinsa na wata shida kafin ku fara, domin sha yau a bari gobe asara ce. In aljihu ba zai ɗauki komai ba, maganin hawan jini da na suga su ne gaba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne zuwa kemis a ce a ba da abin da zai sa tsoho barci. Valium, Piriton, Phenergan, Artane, tiramol da maganin tari mai kodin duk suna ƙara dagula ƙwaƙwalwar tsoho, su sa shi faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ita ke kwantar da tsofaffi da yawa kwanciyar da ba tashi. Allurar kwantar da masu taɓin hankali ma tana da haɗari, musamman ga wanda ke ganin mutane ko dabbobin da babu kuma jikinsa na sandarewa. Addu'a da tofi ba wanda zai hana. Hayaƙi a rufaffen ɗaki, da duka da sunan fitar da aljani, da jiƙe-jiƙen da ke sa gudawa, waɗannan cutarwa ce.

Taron gida, kafin kowa ya gaji

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke riƙe sauran. Cikin makon da aka dawo daga asibiti, babban gida ya tara 'ya'ya maza da mata, da matan tsohon, da surukai, a kira na Legas da na Abuja a waya. A gayyato kawu ko liman ya zauna, saboda maganar kuɗi da gona tsakanin 'yan uba ba ta tafiya daidai sai da idon babba.

A fito da aikin fili, a daina cewa "ai muna tare". Jinyar nan ta ƙunshi abinci sau biyar, wanka, wanki kusan kullum, tsaron rana, kwanan dare, kai wa asibiti da sayen magani. A rubuta sunan mutum a gaban kowane aiki. Dare shi ne mai kashe jiki, don haka kada mutum ɗaya ya yi fiye da dare biyu a jere. Mai jinyar yau da kullum, wadda galibi uwargida ce ko 'ya ko matar ɗa, a yanke mata yini guda cikakke kowane mako, da awa biyu kullum da wani zai karɓe ta. 'Ya'ya mata da ke aure a wasu garuruwa su riƙa zuwa kwana uku-uku bi da bi, a nemi iznin mazajensu tun a taron. A tsara damina da kaka daban, domin lokacin da maza ke gona daga asuba, gida ya rage mata da yara, lokacin ne tsofaffi suka fi ɓacewa.

Na nesa su ɗauki kuɗi, adadi sananne a rana sananniya. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo hatsi, itace, sabulu. Mutum ɗaya ya riƙe asusun, wani daban ya riƙe littafin kashewa. Kuma a sani cewa wanda ya zo ziyarar awa biyu zai tarar da Baba ya gaishe shi tsaf har ya tambayi iyali, sai ya koma yana cewa ana ƙara wa miya gishiri. Haka ciwon yake, gaisuwa tana cikin abin da ke daɗewa bai goge ba. Duk mai shakka a ba shi kwanan dare biyu.

Tun yana da sauran ganewa, a zauna da shi da shaidu biyu a rubuta gonakinsa da iyakokinsu, wadda ke jingina, bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ajiyar mutane da ke hannunsa, da dabbobin da ya ba da kiwo. Ya faɗi wanda ya yarda ya zama wakilinsa, a sanar da mai unguwa da dagaci. In hankali ya riga ya gushe, kotun shari'a ce ke naɗa wakili. Kada a dangwala yatsansa a takardar sayar da gona, cinikin wanda ba ya cikin hankalinsa ba ciniki ba ne, kuma ba a rabon gadon mai rai. Katin banki da na fansho su koma hannun wakili, a bar masa 'yan canji a aljihu don kada ya ji an tsiyata shi. In ya furta saki cikin ruɗewa, kada matar ta tattara kaya. Malamai sun yi bayani cewa sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa, a kai maganar ga alƙali ko malamin gari.

Gyaran gida

Rijiya a yi mata murfi da kwaɗo. Maganin feshi, na ɓera, fiya-fiya, ƙwayar ajiyar wake, taki, kananzir da fetur su shiga rumbu ko akwati mai makulli. Guba a gorar lemo ita ce mafi muni, domin zai ɗaga ya sha. Lauje, gatari, wuƙa, ashana da bindigar farauta su bar idonsa. Magungunansa ma a hannun mutum ɗaya za su zauna, in ba haka ba zai sha na safe sau uku.

A bar shi a ɗakin da ya saba. Ɗauke tsoho zuwa birni don a kyautata masa sau da yawa rikita shi yake yi. A sauke katifa ƙasa ko a rage tsawon gado, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe da turmi da igiyar awaki daga hanya. Fitilar sola ɗaya a ɗaki, ɗaya a hanyar ban ɗaki, su kwana a kunne. Da hunturu kada a bar masa kaskon wuta; bargo da safa sun fi, garwashi a rufaffen ɗaki kuma hayaƙinsa na kisa. In madubi na tsorata shi, yana cewa baƙo ya shigo, a cire. A rataya ƙararrawa ko gwangwani mai tsakuwa a ƙyauren ɗakinsa da na zaure.

Yadda ake magana da shi

Ku zo ta gabansa, ku durƙusa daidai idonsa, ku faɗi ko ku wane ne: "Baba, barka da asuba, autarka ce, na kawo maka koko." Magana ɗaya, sannan a jira amsa, ko da za a ƙirga goma a zuci. Kada a ce "me za ka ci?", a ce "fura ko kunu?" Kada a gwada shi da "Inna, kin gane ni? Wane ne ni?" Baƙi na son yin haka, ku hana su tun daga zaure.

Gardama ba ta da riba a nan, domin ɓangaren da zai karɓi hujjar shi ne ya lalace. In Iya ta ce an sace mata kuɗi, ita ta ɓoye ta manta, kuma wadda ta fi yi mata hidima ita za ta zarga. A ce, "Subhanallahi, Iya, tashi mu duba tare." Ku san maɓoyanta: ƙarƙashin katifa, bakin zane, cikin ƙwarya, bayan randa. Mazan gida su faɗa a fili cewa ba wanda ya ɗauki zargin da gaske. Aure da yawa ya girgiza a kan wannan.

In ya ce zai tafi gida alhali yana gidansa, ko yana neman mahaifiyarsa da ta rasu shekara 40, kada a ce "ai ta mutu". Kowane faɗi sabuwar rasuwa ce a wurinsa. Ba kuma sai an yi ƙarya ba: "Inna kake tunawa? Wace miya ta fi iyawa?" Sai a bi shi da hira, a miƙa masa abin sha, a zaga da shi tsakar gida.

Tsakanin la'asar da isha rikicewa ta fi tashi. Gajiya ce da yunwa da inuwar da ke sauya kamannin abubuwa. A ba shi abin taɓawa da la'asar, a kunna fitila tun kafin duhu, a rage hayaniyar yara da rediyo, shayi da goro su tsaya daga azahar. Barcin rana kada ya wuce awa ɗaya, ya sha hantsi, ya taka ƙafa. In ya fusata ya ɗaga sanda, a ja baya, a sauke murya, mutum ɗaya ya yi magana, a dawo bayan minti goma. Sannan a nemi dalili: ciwon haƙori, kwana uku ba bayan gida, fitsari ya matse, ko zafi. Wanda ya rasa kalmar "ciwo" da faɗa yake faɗinta.

Hannu yakan tuna abin da kai ya manta. Ɓarar gyaɗa, tsince wake, tsinkar zogale, tufkar igiya, saƙar faifai, jan carbi, ko sauraren karatu duk suna zaunar da shi, ko da aikin bai yi kyau ba. Wasan jika da kaka yana da amfani, amma a ja wa yara kunne: tsokanar da Kaka ke dariya da ita da, yanzu tana iya ɗaukarta da gaske. Salla kuwa a bar shi ya yi yadda ya iya, ko ya maimaita azahar sau uku. Alƙalami ya sauka daga kan wanda hankalinsa ya gushe, kuma aya ta 70 a Suratun Nahli ta ambaci wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani. In shi ne liman ko ladan, dattawa su sauke masa nauyin cikin girmamawa, a bar masa wurinsa a sahun gaba.

Ci da sha, wanka da ban ɗaki

Ƙishirwa ba ta sanar da shi, don haka ba a jiran ya nema. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato fiya wata uku zuwa huɗu, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. A cika masa gora ta musamman da safe don a ga abin da ya sha. Kunu, fura da kankana duk suna cikin lissafi. Da bazara, da zafi ke haura digiri 40, a ƙara, a zaunar da shi a inuwa, a goga masa jiƙaƙƙen tsumma. Fitsari ja mai ƙarfin wari alamar ruwa ya yi kaɗan. In gudawa ta kama shi: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali. Azumi bai hau kansa ba in hankali ya gushe. In ya dage, a ba shi abinci ba tare da jayayya a kan wata ba, batun ciyarwa kuma a tambayi malami.

Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi tulin tuwo sau biyu, a kwanonsa shi kaɗai, wani na ci kusa da shi don ya kwaikwaya. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, fate, alale, ƙwai, dankali, gwanda, kunun gyaɗa. A cire ƙayar kifi da ƙwallon dabino, a taɓa zafin abinci kafin a miƙa. In ya ce ba a ba shi abinci ba alhali yanzu ya ci, a ba shi ɗan abu kaɗan, ya fi rantse-rantse.

Wanka sau biyu ko uku a mako ya wadatar in yana ƙi, amma fuska, baki, hammata da matse-matsi kullum ne. Ɗa ga uba, 'ya ga uwa, mata ga miji. Kada a tilasta wa suruka abin da kunya ta hana, shi ma tsohon jikinsa ya san kunyar ko ya manta sunanta. Ruwa mai ɗumi, a zaune kan kujera, da zane a rufe, a fara daga ƙafa. Kwara ruwa a ka shi ke firgita su. Cewa "zo ka yi wankan Juma'a" ko "mu yi alwala" ya fi "ka yi datti" aiki.

A riƙa kai shi ban ɗaki duk awa biyu zuwa uku, da bayan cin abinci, da kafin barci. Tsugunno a masai yana da wuya da haɗari. Kafinta ya huda kujera a sa bokiti mai murfi a ƙasa, ta kwana a ɗaki. Wando mai roba ya maye mai mazagi. Leda a kan katifa, zane biyu a kai. Famfas na manya na da tsada, a bar shi don dare da tafiya. Bayan kowane tsarki a busar da fata a shafa man kaɗanya ko basilin. Faɗa a kan fitsari ba ya rage shi, sai dai ya sa a fara ɓoye ƙazanta a bayan gado.

Idan ya fita bai dawo ba

Ƙungiyar Alzaima ta Amurka ta ce shida cikin goma na masu ciwon za su ɓace aƙalla sau ɗaya, don haka shiri ake yi tun kafin ranar. A ɗinka ƙyalle mai sunansa da garinsa da lambar waya biyu a cikin kowace riga, ko baduku ya ɗinke takardar a ɗan kube na fata mai lambar a waje a rataya masa. A ɗauki hotonsa a waya duk wata. A sanar da mai unguwa, masu shago, 'yan acaɓa, 'yan sintiri da 'yan kamasho a tasha. Ɓoye ciwon don kunya shi ke sa a tsinci tsohuwa a wani gari a taru a kanta da duwatsu.

In an neme shi minti 15 ba a gani ba, a raba mutane. Rukunin farko wurin ruwa: rijiyoyi, kududdufi, rafi, da magudanan noman rani irin na Kura da Kadawa ko bakin kogin Haɗeja. Na biyu inda ƙuruciyarsa take: tsohon gida, gona, maƙabarta, in tsohuwa ce gidan da aka auro ta. Na uku titi da tasha, musamman ranar kasuwa, Juma'a a Wudil, Lahadi a Ɗambatta, Alhamis a Maigatari. A yi cigiya a lasifikar masallaci, a tura hoto a WhatsApp, a sanar da 'yan sanda da gidan rediyo, ba sai an kwana ba. In an same shi, ruwa da abinci da duba ƙafa, ban da faɗa.

Sa mari da turu da kulle mutum shi kaɗai a ɗaki ba mafita ba ne. Suna kawo gyambo da ƙarin fushi, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye ta 1958, ta tanadi kare irin waɗannan majinyata daga azabtarwa. A kulle ƙofar waje da dare, wani ya kwana kusa, da rana kuma jika ya raka shi yawon da ƙafarsa ke nema.

Lokacin kwanciya

In ya daina tashi, a juya shi duk awa biyu: dama, baya, hagu. A duba ƙugu, gindin baya, dunduniya, kafaɗa da kunne kullum. Wurin da ya yi ja ko ya fi sauran fata duhu da zafi, gyambo ne ke shirin fitowa. A ɗauke nauyi daga kansa, kada a murza, kada a barbaɗa toka ko garin kafso. Matashi tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta tashi. Ciyarwa a zaune tsaf, cokali ƙarami, a ga ya haɗiye kafin na gaba, ya zauna minti 30 bayan an gama. In ruwa na sarƙe shi, kunu mai kauri ya fi tsinkakke sauƙin haɗiya. Ɗura haramun ce a wannan hali, abincin huhu yake tafiya ya zama limoniya. A goge masa baki da tsumma mai tsabta safe da dare. Kunne na daɗewa yana ji, a ci gaba da yi masa magana da karatu.

Mai jinya, da haɗa kai da wasu gidaje

Alamomin da ke nuna mai jinya ta kai maƙura: barci ya ƙaurace, kuka ba dalili, rama, ciwon kai kullum, daina zuwa biki da suna, tsawa ga tsohon sannan nadama, ko jin da ma Allah Ya ɗauke shi a huta. Wannan tunanin gajiya ce ke kawo shi, ba rashin imani ba. Wadda ta ji hannunta na shirin duka ta tabbatar ba abin da zai cutar da shi, ta fita, ta kira wani. "Ki yi haƙuri, lada kike samu" gaskiya ce, amma ba ta wanke zane. Mai faɗin haka ya karɓi daren yau. Ita ma a auna mata jini duk ranar da aka kai tsohon asibiti. Yarinya 'yar makaranta kuma kada a cire ta daga aji a mai da ita mai jinya.

Da wuya a rasa gida uku ko huɗu masu irin wannan jinya a gari ɗaya, kowa na rufe tasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A fara da wanda ya san gidajen: malamin asibitin sha-ka-tafi, ungozoma, malamar islamiyya ko liman. Mutum biyar zuwa takwas sun isa. Mata su haɗu a gida ɗaya ko bayan darasin islamiyya, maza a zaure bayan sallar Juma'a, sau biyu a wata, awa ɗaya. Sharaɗi biyu tun ranar farko: abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, kuma ba mai tallar magani. Kowa ya sami minti biyar ya faɗi abin da ya fi ba shi wuya da dabarar da ta yi masa aiki, kada mai baki ya cinye zaman.

Zama kaɗai ba ya riƙe ƙungiya, sai da aiki. A yi musayar tsaro kamar gayya: yau ki zauna da tsohuwata awa uku in je unguwa, jibi in zauna da taki. Mai zuwa ta fara ziyara sau biyu ko uku tare da 'yan gida kafin a bar ta ita kaɗai, a kuma gaya mata sunan da tsohuwar ke amsawa da abin da ke tunzura ta. A kafa ɗan adashi na sabulu, famfas da kuɗin mota, a sayo da yawa a raba. A haɗa ranar asibiti a ɗauki shatar mota ɗaya. Duk wata uku a roƙi malamin asibiti ya zo ya auna jinin tsofaffi da masu jinya, a kuma roƙi liman ya yi huɗuba ɗaya a kan cewa gigin tsufa ciwo ne ba maita ba. Kayan jinya, kujerar bokiti, ledar katifa, sanda, keken guragu in an samu, su zama na ƙungiya, a rubuta gidan da suke. In an yi rasuwa a wanke su da ruwan bilic a shanya a kai gida na gaba, ita kuma mai jinyar a bar sunanta a jerin masu zuwa zama, a riƙa aika yaro ya kira ta ko bayan an share makoki.